Yadda Ake Sauko da Sabon Tsari Daga Takarda Zuwa Aji a Jami'a

Takardar sabon tsari ta iso daga Yawunde, babban birnin Kamaru, da lambarta da hatiminta da sa hannu. Shugaban jami'a, wanda muke kira rakta, ya yi ɗan rubutu a gefenta ya tura wa shugabannin tsangayoyi. Su ma suka yi nasu suka tura wa shugabannin sassa. Yanzu ga ta a kan teburinka, ka duba hagu ka duba dama, babu wanda za ka sake tura wa. Da kai nake magana, ko da ke, in ke aka ɗora wa sashen.

Mu a arewacin Kamaru mun ga sauyi iri-iri. A 1993 aka raba jami'ar Yawunde, wadda ta cika ta batse, aka samu jami'o'in gwamnati shida, har cibiyar karatun da ke Dang, kusa da garin Ngaundere, ta zama Jami'ar Ngaundere. A wannan gyaran ne aka soke alawus ɗin ɗalibai, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Bayan sanarwar Libreville ta 2005, wadda ta haɗa ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, har da Cadi, aka shiga tsarin LMD, wato Lisansi (digirin farko), Masta da Dakta, daga shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008. A 2008 aka kafa Jami'ar Marwa. A watan Maris na 2020 korona ta rufe ajujuwa, aka ce kowa ya koma karantarwa ta intanet. A Janairun 2022 aka kafa Jami'ar Garwa tare da na Bertoua da Ebolowa, a Yulin 2023 kuma aka yi sabuwar dokar da ke jagorantar ilimi mai zurfi, ta maye gurbin ta 2001.

A duk waɗanda na gani da idona, ban taɓa ganin tsari ya mutu a ofishin minista ba. Inda yake mutuwa shi ne tagar sikolarite, wato ofishin rajista da makin ɗalibai, wannan 'yar tagar da ɗalibai ke yin layi a gabanta da takardu cikin leda, mai zama a bayanta kuwa shi ne mutum na ƙarshe da ake gaya wa an canja wani abu. Ga yadda ake yi tsarin ya isa can da ransa.

Mataki na farko: karanta takardar da biro a hannu

Ba karatun tsaye ba, na zama. Ka ɗauki farar takarda ka ja mata layi biyu ta kasu uku. A kaso na farko ka rubuta abin da doka ta wajabta, wanda ba ka da ikon taɓawa. A na biyu, abin da ta bar wa jami'a ko sashe su tsara. A na uku, abin da ta yi shiru a kansa.

Ɗauki LMD misali. Lisansi shekara uku ne, simesta shida, kiredi (ma'aunin nauyin darasi) 30 a kowace simesta, jimla 180. Masta shekara biyu, kiredi 120. Wannan kaso na farko ne, gardama a kansa ɓata yawu ne. Amma wane darasi zai ci kiredi shida, wane zai ci uku, da yadda za a haɗa darussa cikin rukuni ɗaya, wannan naku ne a sashe. Kaso na uku shi ne mai hatsari: yaron da ya faɗi darasi biyu a tsohon tsari, yanzu kuma an narkar da darussan cikin wani sabon rukuni, ina zai sa kansa? Yawancin rigimar da za ka yi shekara kana kashewa tana cikin wannan kaso. Ka rubuta tambayoyin ka aika sama a rubuce tun makon farko, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Amsar baki a bakin mota ba amsa ba ce.

Mataki na biyu: ƙirga abin da ke hannunka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kira taro, ka san ɗakunan karatu nawa ne rabonka a mako, kowanne kujera nawa, malamai nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan haya da ake biya da awa, kuma nawa ne cikin na dindindin ɗin suke zaune a garin da gaske. Wannan na ƙarshe mun san shi a arewa. Akwai malamin da sunansa ke jadawali amma iyalinsa na kudu, sai ya hau jirgin ƙasa ya kwana ya sauka Ngaundere, ko ya ƙara kwana guda a mota zuwa Marwa, ya zuba darasin simesta cikin kwana goma ya koma. In sabon tsari ya ce a riƙa gwajin cikin aji a kai a kai, da wane lokaci wannan malami zai yi shi?

Kiredi a LMD ba awannin lacca kaɗai yake aunawa ba. Ya haɗa da darasin ƙananan rukunai, da aikin gwaji, da aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai. To ka yi lissafi a fili: ɗalibai 600 a aji ɗaya, in za a raba su hamsin-hamsin, rukuni 12 ke nan, kowanne yana son ɗaki da malami da awa. In ɗakuna uku gare ka, lissafin ya riga ya gaya maka gaskiya. Ka kai wannan lissafin sama yadda yake, kada ka yi masa kwalliya don a ce kai mai biyayya ne.

Ka sa wuta da intanet cikin ƙirgar. Wutar arewa ta dogara sosai da madatsar ruwan Lagdo, in ruwa ya ja baya a rani kowa ya san abin da ke biyowa. A 2016 gwamnati ta sanar da rabon kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban jami'o'i, aka fara rabawa a ƙarshen 2017. Da korona ta zo, kwamfutar tana hannun yara da yawa, amma darasin da ya fi isa gare su shi ne wanda malami ya tura ta WhatsApp, domin shi ne wanda kuɗin data ɗinsu zai iya ɗauka. Kayan aiki ɗaya ba ya tafiya shi kaɗai.

Mataki na uku: zauna da mutanen ƙasa kafin na sama

Al'ada ita ce a tara farfesoshi a ɗaki mai sanyi, a sha lemo, a tashi. Ni na fi son a fara da sakatariyar sashe, da ma'aikatan sikolarite, da yaron da ke shigar da maki a kwamfuta, da wakilan aji, waɗanda ɗalibai ke kira delege. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na koyi wannan da wuya. Wata shekara, a wani sashe da na yi aiki, muka yi wata biyu muna gyara jerin darussa, muka sauya musu lambobi, kowa ya yaba. Ranar da na kai wa dattijon da ke riƙe da rajistar maki, ya sa tabarau ya duba, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan lambar taku harafi bakwai ce. Na'urarmu shida take ɗauka." Na ce, "Baba, ba za a iya ƙara mata ɗaya ba?" Ya ce, "Wanda ya haɗa ta ya bar aiki shekara uku ke nan." Da mun tambaye shi tun farko, shayi ɗaya ya ishe mu. Sai da muka sake lambobin darussa sama da arba'in, bayan an riga an liƙa su a allo.

Da manyan malamai kuwa, kada ka fara da taro. Bi su ɗaya-ɗaya, ofis ko gida. Farfesan da ya yi shekara ashirin yana karantar da darasi guda, in ya ji a bainar jama'a an rage masa awanni, ba tsarin zai yaƙa ba, mutuncinsa zai kare, kuma zai samu magoya baya. In ka same shi kai kaɗai ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya zo, ga inda ya taɓa darasinka, yaya kake ganin za mu yi?" sau da yawa shi zai kawo mafitar, ya kuma tsaya maka ranar taro. Ka sani kuma raguwar awa tana iya zama raguwar kuɗin ƙarin awanni. Mutum ba zai faɗi haka da bakinsa ba, zai ce ingancin ilimi yake ji. Kai ka fito da maganar kuɗin da kanka, cikin ladabi.

Wakilan ƙungiyar malamai, irin su SYNES, a sanar da su da wuri. Abin da suka ji daga bakinka shawara ce, abin da suka tsinta a allo kuwa ƙorafi ne.

Wani abu kuma: takardar da Faransanci ta zo, ko da Turanci, amma mai gadi da mai shara da mahaifin da ya zo daga ƙauye neman bayani ba lallai su bi ta ba. A samu wanda zai faɗi muhimman abubuwan da Fulatanci da Hausa, a Kusuri ko Njamena kuma da Larabcin gida. Uban da ya sayar da buhun gero ya biya jaka hamsin yana da hakkin ya gane me ya sa ɗansa zai maimaita darasi.

Mataki na huɗu: ɗaliban da sauyi ya riska a tsakiya

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi zalunci ba da niyya ba.

Duk sabon tsari ana rubuta shi ne da sabon ɗalibi a zuciya, wanda zai shigo aji ɗaya a Oktoba. Amma ranar da doka ta fara aiki akwai 'yan aji biyu da aji uku, akwai masu maimaitawa, akwai wadda ta dakata shekara guda don haihuwa ta dawo, akwai wanda ya yi ƙaura daga wata jami'a. Kafin LMD, hanyar karatu ita ce shaidar DEUG bayan shekara biyu, Lisansi a ta uku, Metiris a ta huɗu, DEA a ta biyar. Da aka sauya, mai Metiris a hannu ya zama kamar wanda ya sauka a tashar da aka rushe: shekarar farko ta Masta zai shiga ko ta biyu? Haka da aka kafa Jami'ar Garwa, tsangayar likitanci da ke garin tana ƙarƙashin Ngaundere ne tun farko. Duk inda aka yi irin wannan rabuwa, tambayoyin ɗaya ne: ina takardun makin shekarun baya za su zauna, wa zai sa hannu a takardar shaida, lambar rajistar ɗalibi za ta canja ko a'a?

Ga abin da za ka yi, bi da bi.

Ka fitar da sunan kowane ɗalibi da ya fara a tsohon tsari, da darussan da ya ci da waɗanda ake bin sa. Da hannu in ta kama. Sannan ku zauna a majalisar sashe ku yi jadawalin daidaito: tsohon darasi kaza daidai yake da sabon darasi kaza, kiredi kaza. Inda aka haɗa tsoffin darussa biyu suka zama ɗaya, ku yanke hukunci ƙarara a kan wanda ya ci ɗaya ya faɗi ɗaya. Inda aka soke darasi gaba ɗaya, ku zaɓa: ko a shirya wa masu bashinsa jarrabawar ratirafaj ta musamman, wato ta sake gwadawa ga wanda ya faɗi, sau ɗaya ko biyu, ko a nuna musu darasin da za su ɗauka a madadinsa. Ku sa ranar da tsohon tsari zai rufe kwata-kwata, ku ba da wa'adi mai faɗi. Jadawalin nan ya samu sa hannun shugaban tsangaya, a ajiye kwafi a sikolarite, a liƙa kwafi, a ba kowane delege kwafi.

Ƙa'ida ɗaya nake riƙewa a nan: abin da ɗalibi ya riga ya ci, ya ci. Ba shi ya canja doka ba.

Na tuna wata yarinya da ta zo ofishina ana zafin Afrilu, irin wanda fanka ke hura wuta. Ta fito da takardar maki daga cikin leda, ta ninke har ta fara yagewa a tsakiya. Ta ce, "Malam, sau huɗu ina zuwa. Can suka ce in zo nan, nan kuma aka ce in koma can." Darasin da ake bin ta babu shi a sabon jeri, babu malamin da ke karantar da shi, na'ura kuwa ta ƙi fitar mata da shaidar kammalawa. Kuɗin moto kaɗai da ta kashe ya isa cefanen mako. Aikin minti goma ne da jadawalin daidaito yana nan. Da babu shi, ya ci mata kusan shekara, gasar shiga aiki ta wuce ta.

Mataki na biyar: kowane aiki da suna, da rana, da kuɗi

"Kwamiti zai duba" ba aiki ba ne. A rubuta: wane zai kawo jerin darussan aji biyu ranar kaza, wance za ta gwada shigar da maki ranar kaza, kuɗin takarda da tawada zai fito daga layi kaza na kasafi. Shafi ɗaya ya isa. Aikin da ba a samo masa kuɗi ba, a rubuta a gabansa cewa babu kuɗi, kowa ya gani.

Mataki na shida: zaɓi lokaci

Kada a canja dokar jarrabawa a tsakiyar simesta. Ɗalibi ya shiga da sanin gwajin cikin aji zai ci kaso kaza, babbar jarrabawa kaso kaza, to a bar shi ya fita a haka. Sauyi ya fara da sabuwar shekarar karatu, shirinsa kuma ya kammala kafin a tafi hutun damina, domin a Agusta ba za ka samu kowa ba. Ka duba kalandar azumi da salla da Kirsimeti da Ista, ka duba ranar matasa ta 11 ga Fabrairu da ranar ƙasa ta 20 ga Mayu da shirye-shiryen faretinsu, ka cire su daga lissafin makonnin karatu tun farko. Simestar da ke da mako goma sha huɗu a takarda, in ka zare waɗannan, za ka ga abin da ya rage.

In doka ta ba ka sarari, fara da aji ɗaya kawai, sauran su ƙarasa a tsohon tsari. Kurakuran da za su fito a aji guda ana iya gyara su da biro. In kuwa an ce dole kowa ya shiga lokaci ɗaya, to aƙalla ku yi gwajin ƙarya: ku ɗauki makin ɗalibai ashirin na bara, ku shigar a sabon tsari tun daga rajista har fitar da takardar sakamako, ku ga inda za ta maƙale. Rana ɗaya ce, kuma ita ce ranar da ta fi kowace amfani a duk shirin.

Mataki na bakwai: baki ɗaya

Sanarwa ta fito daga wuri guda, da kwanan wata da sa hannu. A liƙa a babiyar, wato allon sanarwa, a ɗauki hotonta a tura wa delege su sa a zaurukan WhatsApp na aji. Duk abin da ba shi da hatimi jita-jita ne, a gaya wa ɗalibai haka tun ranar farko. In an gyara sanarwa, a cire tsohuwar daga allo. Na sha ganin takardu biyu masu karo da juna a allo ɗaya, kowane ɗalibi ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi.

Mataki na takwas: ƙirga reket

Bayan sakamakon simestar farko ya fito, ɗalibai za su kawo takardun koke, waɗanda muke kira reket. Yawancin ofisoshi suna ɗaukarsu a matsayin fitina. A gare ka su ne ma'auni, kuma kyauta ka same shi. Ka zuba su a tebur ka ware su tsibi-tsibi: makin da ya ɓata, sunan da ba ya jeri, kiredin da ba a lissafa ba, darasin da ya yi karo da wani a jadawali. Tsibin da ya fi tsawo shi ne inda tsarinka ke yoyo. In koke talatin sun zo a kan darasi guda, ba yara talatin ne suka yi sakaci ba.

Ka ƙara da abubuwa biyu masu sauƙin ƙirgawa: kwana nawa aka yi tsakanin jarrabawa da fitar sakamako, da kuma awa nawa aka karantar da gaske cikin waɗanda aka tsara, wanda littafin aji da delege ke riƙewa zai nuna maka. Ka sake ƙirgawa a simesta ta biyu ka kwatanta.

Rahoton da za ka aika sama ya faɗi abin da bai yi ba. Na san jarabar rubuta "komai na tafiya daidai", musamman ga wanda ke jiran ƙarin girma. Amma rakta yana karɓar irin wannan daga kowace tsangaya, sai ranar da ɗalibai suka tare ƙofa ya gane babu wanda ya gaya masa gaskiya. Rubuta matsalar, ka biyo ta da abin da kake nema: ɗaki ɗaya, malami biyu, ko ƙarin wa'adin wata uku.

Mataki na tara: bar wa na bayanka sawu

A jami'o'inmu naɗi daga sama yake zuwa. Kana iya jin sunan magajinka a labaran rediyo na ƙarfe biyar kana cikin shan shayi. Tsare-tsare da yawa sun tsaya ne don wanda ya san kansu ya tafi da komai a cikin kansa da wayarsa.

Tun makon farko ka buɗe fayil guda, na takarda, ka yi masa kwafi a kwamfutar ofis, ba taka ta gida ba. A ciki a samu asalin dokar, tambayoyin da ka aika sama da amsoshinsu, bayanan tarukan sashe da sa hannun mahalarta, jadawalin daidaito, shafin nan na suna da rana da kuɗi, da ƙirgar reket ta kowace simesta. A shafin farko ka rubuta abubuwan da ba a gama ba, da sunayen ɗaliban tsohon tsari da har yanzu ake bin su darasi. Ka nuna wa sakatariya inda fayil ɗin yake, ka ba ta makullin kabad ɗin na biyu.